Zaman Gida Ɗaya a Lokacin Yaƙi: Yadda Wani Iyali Ya Yi Daga Khartum Zuwa Gadarif, 2023 Zuwa 2025

## Asalin iyalin kafin 15 ga Afrilu, 2023

Iyalin da wannan nazari ya bibiya Hausawan Sudan ne, zuriyar mutanen da kakanninsu suka baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin Hajji, suka yada zango a gaɓar kogin Nilu domin neman guzuri, har zangon ya zama mazauni. Danginsu na warwatse a kan wannan tsohuwar hanya: wasu a Wad Madani, wasu a Mai Wurno da ke kusa da Sinnar, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma a Gadarif, ƙasar noman dawa da riɗi.

Maigidan tela ne mai shago a wata kasuwa ta kudancin Khartum, matarsa kuma tana sayar da godo-godo, wani abinci mai kama da fura, da soyayyar gyaɗa a ƙofar gida. Suna da 'ya'ya huɗu: babbar 'ya mai shekara 14, namiji mai 11, mace mai 8, da auta mai shekara 4. Ba masu hali ba ne, amma tukunyarsu tasu ce, ƙofarsu tasu ce, kuma ba su taɓa kwana a gidan wani ba sai da sunan ziyarar Sallah ko biki.

## Afrilu zuwa Mayu 2023: barin Khartum

Faɗa ya ɓarke ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, a goman ƙarshe na azumi, tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF, wato rundunar ɗaukin gaggawa, na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidti. Kamar yawancin mutanen birnin, iyalin sun ɗauka rikicin kwana biyu ne. Sun yi Sallah a cikin ɗaki, yara na kwance ƙarƙashin gado idan jirgin yaƙi ya gifta. Da ruwan famfo ya ɗauke, burodi ya yi wuya, kasuwar da shagon yake kuma aka fara fasa ta, sai suka yanke shawarar tafiya Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, inda yayan maigidan yake da gida.

Kayan da suka ɗauka ba su wuce abin da hannu zai riƙe ba: takardun haihuwa, tufafi, bargo biyu, da kan keken ɗinki, wanda uwar ta kwance daga ƙafarsa ta naɗe a bargo duk da cewa mijin ya ce a bar shi tunda ba za a daɗe ba. Sun kulle gida, suka bar wa maƙwabci mabuɗi.

## Mayu zuwa Agusta 2023: tukunya ɗaya a Wad Madani

Gidan yayan ɗaki uku ne da diwan, wato ɗakin baƙi na maza da ke bakin ƙofa. Shi da matarsa suna da 'ya'ya biyar, saboda haka mutum goma sha uku suka koma amfani da makewayi ɗaya da madafi ɗaya. An ba uwar da 'yan matanta da auta ɗaki guda, maigidan da yaron mai shekara 11 suka koma diwan tare da samarin gidan.

An karɓe su hannu bibbiyu, kuma tsarin farko shi ne rashin tsari. Yayan ya ɗauki nauyin komai, ya hana a yi maganar kuɗi, yana ganin abin kunya ne ɗan'uwa ya zo gudun hijira a ce ya kawo na cefane. Ƙanen kuma ya ji nauyin tayar da zancen. Babu wanda ya ambaci tsawon zaman, domin kowa na sauraron tattaunawar sulhun da aka buɗe a Jidda a watan Mayu, yana sa ran za ta kawo ƙarshen lamarin. Tsagaita wutar da aka riƙa sanarwa ba ta riƙe ba, makonni suka zama watanni, kuma kuɗin da ke shigo wa yayan ya ragu a daidai lokacin da farashi ke hawa, saboda garin ya cika maƙil da mutanen Khartum.

Saɓanin bai fara daga wurin maza ba. Ya fara ne a madafi, tsakanin facaloli biyu da kowace ta saba da mulkin murhunta. Matar gida ta fara ƙirga burodi kafin ta raba, tana kulle sukari da ganyen shayi. Baƙuwar ta ɗauki wanki da shara da yin kisra, wato gurasar dawa maras kauri, a kanta domin ta rage wa kanta nauyin cin abincin da ba ta kawo ba, amma aikin da ba a yi yarjejeniya a kansa ba babu mai lissafa shi, ita tana ganin ta zama baiwa, waccan tana ganin an ƙwace mata gida.

Yara su suka ɗauki mafi nauyin abin. Yarinyar mai shekara 8 ta koma fitsarin kwance, abin da ta daina tun tana ƙarama, kuma a gidan da ake shanya tabarma a tsakar gida kowace safiya ba a iya ɓoye irin wannan. Yaran gida suka laƙaba mata suna. Yaron mai shekara 11 yana kwana a diwan inda manya ke raba dare suna kallon bidiyon gawarwaki da ƙone-ƙone a waya, suna musu a kan wace unguwa ce ta faɗi, ya zama mai saurin fushi da dambe. Makarantu duk a rufe suke, da yawansu ma sun zama masaukin 'yan gudun hijira, don haka yara tara suka wuni a tsakar gida ɗaya ba su da abin yi. A watan Oktoba na shekarar Asusun UNICEF ya ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan.

## Agusta zuwa Disamba 2023: matakai huɗu da aka gwada

Abin da ya fito da rikicin fili shi ne ranar da matar gida ta mari yaron mai shekara 11 a kan ya bugi ɗanta, uwarsa na tsaye. Daga nan aka shiga neman mafita.

Da farko mazan biyu suka tara matan bayan sallar isha'i, suka yi musu nasiha a kan haƙuri da zumunci. An yi kuka, an yafi juna, an sha shayi tare. Sulhun bai kai mako biyu ba, domin ba a taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke haddasa faɗan ba: wa zai sayi me, wa zai dafa yaushe, wa ke da ikon hukunta ɗan wa.

Sai aka raba tukunya. A ido wannan ya yi kama da adalci, amma ɗaya ɓangaren ba shi da abin sawa a tasa tukunyar. Telan bai samu aiki ba, kan kekensa na nan a naɗe a bayan ƙofa babu ƙafa, abin da kawai ke shigo musu shi ne ɗan abin da wani ɗan'uwa mazaunin Jidda ke turowa ta manhajar banki ta waya mai suna Bankak. Sakamakon shi ne yaran ɗaki ɗaya suna cin adas, wani irin ƙananan wake, tsura kwanaki a jere, suna jin ƙamshin miyar nama daga murhun da ke taku biyar da nasu. Autan, wanda bai san an raba komai ba, yakan je ya zauna a gaban kwanon da ya saba, a taso shi yana kuka. Wannan mataki ya rage cacar baki tsakanin matan, ya kuma sa yaran suka rabu gida biyu, masu gida da 'yan ci-da-ƙarfi, kamar yadda ɗaya daga cikin samarin gidan ya taɓa kiransu.

Na uku, an nemi haya, aka tarar kuɗin ɗaki ɗaya a Madani ya ninka abin da za su iya, masu gidaje kuma suna neman na watanni a dunƙule. Maigidan ya leƙa wata makaranta da aka sauke mutane, ya ga iyalai da dama a aji guda an raba su da zannuwa, ya dawo bai ƙara tayar da zancen ba.

Na huɗu, aka tura babbar 'yar Mai Wurno wurin wata 'yar'uwa domin a rage baki ɗaya da shimfiɗa ɗaya. Wurin kwana ya ɗan samu, amma uwar ta rasa mai taya ta, ƙannen sun rasa mai raba su faɗa, yarinyar kuma ta fassara tafiyar da cewa ita ce aka ga za a iya yi ba tare da ita ba.

## Disamba 2023: faɗuwar Madani

Ranar 15 ga Disamba dakarun RSF suka afka wa Wad Madani ta gabas, kuma zuwa 18 da 19 ga wata birnin ya koma hannunsu. Hukumar IOM ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne suka tsere a kwanakin farko. Wannan karon masu masauki da baƙinsu tare suka fita, a bayan babbar mota ɗaya. Da yake faɗan ya toshe hanyar gabas, sun bi kudu zuwa Sinnar, suka ɗauki yarinyar a Mai Wurno, suka ratsa Sinja da Dindir har Gadarif. Yaron mai shekara 11 ne ya rungume kan keken a cinyarsa tsawon tafiyar.

## Janairu zuwa Mayu 2024: tsarin Gadarif

Sun sauka a gidan ƙanwar mahaifin mazan biyu, tsohuwa mai takaba da daɗewa, wadda manya ke kira Goggo, yara kuma Habboba, wato kaka a Larabcin Sudan. Tana zaune da ɗanta da matarsa da jikoki uku, saboda haka gidan ya koma na mutum goma sha tara. Gida ne mai faɗin fili da ɗakunan ciyawa irin na Gadarif da ake kira gutiyya, kuma tsohuwar ta shafe shekaru tana saukar leburorin da ke zuwa yankan riɗi da dawa kowace kaka. Zaman mutane da yawa a tsakar gida ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinta.

Bayan kwana uku na baƙunci ta tara manya duka, maza da mata, ta ce musu: «'Ya'yana, zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma ni ban san ranar tafiyarku ba, ku ma ba ku sani ba. Gara mu yi maganar da kunya ke hanawa tun yau.» Abin da aka tsayar a wannan zama shi ya riƙe gidan fiye da shekara guda.

Lokacin an gama girbi, kara na ko'ina. Maƙwabta suka yi musu gayya aka kafa rumfuna biyu, aka zagaye kowace da dannin kara, ta yadda kowane iyali ya samu wurin da zai shiga ya saki labule, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo na ajiye abin da yake nasa. Abinci kuwa ba a haɗe shi duka ba, ba a kuma raba shi duka ba. Asida, wato tuwon Sudan, da kisra da miyar busasshiyar kuɓewa na kowa ne, daga dawar da tsohuwar ta ajiye a rumbun ƙasa, ana dafawa a tukunya ɗaya, mata uku suna karɓa-karɓa kwana bibbiyu, kuma yara goma sha biyu suna ci tare, maza a faranti ɗaya, mata a ɗaya. Shayi da sukari da sabulu kowa da nasa. Wanda ya samu nama ko madara, ko dai ya sa a tukunyar kowa ko ya jira yara su yi barci.

Ruwa shi ne babban kashe kuɗi, domin Gadarif gari ne mai ƙarancin ruwa, ana saye ne ganga-ganga daga masu amalanken jaki. Aka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta aka damƙa wa yarinyar mai shekara 14, tana rubuta wanda ya biya kuɗin ruwa, da gawayi, da niƙa. Muhimmin abin da ke cikin littafin shi ne ana rubuta aiki kamar yadda ake rubuta kuɗi: wadda ta yi wankin gida ko ta kai niƙa, wanda ya gyara danni, duk yana da layinsa. Duk daren Juma'a yarinyar ke karanta shi a gaban kowa.

Sauran dokokin biyu sun shafi yara kai tsaye. Babu mai dukan ɗan wani. Ƙara wurin Habboba ake kaiwa, ita ke kiran uwar yaron. Sannan babu kallon bidiyon yaƙi a cikin gida. Mai so ya fita bakin titi wurin mai shayi. Mazan sun yi gunaguni a kan wannan fiye da kowace doka, amma sun bi.

An sa yaran a makarantar allo ta unguwa da safe, bayan la'asar kuma babbar 'yar tana koya wa ƙananan lissafi da karatun Larabci a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Yarinyar mai fitsarin kwance tsohuwar ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, ta shimfiɗa mata leda a kan gadon igiya kusa da nata. Idan ta tashi nafilar dare sai ta tashe ta ta raka ta makewayi, in kuma an makara, su biyu suke wanke shimfiɗar kafin asuba, su shanya a bayan ɗaki. Ba a sake jin zancen a tsakar gida ba. Kafin azumin 2024 ya fita abin ya ragu zuwa jefi-jefi, daga baya ya ɗauke.

Telan ya samu aron ƙafar keke a wurin wani tsohon tela na unguwar, ya ɗora kan nasa, ya fara da facin buhuna da gyaran tsofaffin tufafi, sannan ɗinkin jallabiyyar Sallah. Abin da yake samu kaɗan ne, amma daga ranar sunansa ya fara bayyana a littafin.

## Fabrairu zuwa Oktoba 2024: inda tsarin ya jijjiga

A watan Fabrairu 2024 hanyoyin sadarwa suka ɗauke a kusan duk ƙasar, kuɗin da ɗan'uwansu na Jidda ke turowa ya tsaya na makonni, kuma littafin da ya kawo zaman lafiya ya zama abin tonon asiri, domin daren Juma'a biyu a jere an karanta babu ko fam ɗaya a gaban sunan yayan, mutumin da watanni kaɗan baya yake ciyar da mutum goma sha uku. Ya daina fitowa zaman karatun. Tsohuwar ta sa aka daina karanta adadin kuɗi a bainar jama'a, ana faɗin abin da ya rage a biya kawai, ita da yarinyar su san sauran. Darajar fam ɗin Sudan ma ta ci gaba da zubewa: dalar da ake saye wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a cikin shekarar.

Damina ta fi komai gwada su. Rumfunan kara ba su riƙe ruwa ba, baƙar ƙasar Gadarif kuma idan ta jiƙe takan zama taɓo mai kama ƙafa, sai aka koma cusuwa a gutiyya uku. A ƙarshen Yuni Sinja ta faɗa hannun RSF, wasu dangi daga yankin Sinnar suka ƙaru a gidan na 'yan makonni. A watan Agusta aka ayyana ɓarkewar kwalara, Gadarif na cikin jihohin da ta fi shafa. An riƙa sa ƙwayar kulorin a randuna, aka hana yara sayen abin sha a titi, kuma babu wanda ya kamu a gidan. Amma a waɗannan watanni faɗan facalolin ya dawo kusan yadda yake a Madani, bai lafa ba sai da ƙasa ta bushe aka sake kafa rumfuna.

A kakar nan ce yaron, wanda ya kai shekara 12, ya bi samarin unguwa yankan riɗi. Ya ɗanɗana kuɗin hannunsa, sunansa ya shiga littafin, kuma da aka fara buɗe makarantu bai yarda ya koma yadda ya kamata ba.

## 2025: rabuwa

Sojoji sun karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairu, 2025, yayan da iyalinsa suka koma bayan 'yan makonni, suka tarar an kwashe gidan har ƙofofi. A watan Maris sojoji suka karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Khartum. Telan ya tafi shi kaɗai ya duba, ya tarar da gini a tsaye babu komai a ciki, babu wuta babu ruwa, ga kwalara ta ɓarke a birnin a watan Mayu. Ya bar iyalin a Gadarif har damina ta wuce. Babbar 'yar da mai bi wa yaron sun koma aji, kowace ta yi asarar kusan shekara biyu. Yaron yana tsakanin makaranta da kasuwa. Facalolin biyu suna gaisawa ta waya, ba su zama aminai ba, ba su kuma yanke zumunci ba.

## Abin da yaran suka riƙe

Idan aka tambayi yaran labarin yaƙi, ƙarar jirgi da shingayen bincike ba su ne farkon abin da suke kawowa ba. Babbar 'yar tana fara wa ne da ranar da aka sa ta a motar Mai Wurno, sannan littafin, wanda har yanzu yana wurinta. Yaron yana tuna marin, yana tuna nauyin kan keken da ya sa ƙafarsa ta yi sanyi a hanyar Dindir. Mai shekara 8 ba ta ambaton Madani ko kaɗan, amma tana iya kwatanta ɗakin Habboba dalla-dalla, har inda butar alwala take zama. Autan bai san an taɓa yin wani gida a Khartum ba. A wurinsa gida shi ne inda yara goma sha biyu ke zagaye faranti, kuma da 'yan Madani suka tafi ya yi kwanaki yana tambayar laifin da aka yi musu.

## Hukunci

Mutanen da suka kasa zama a Madani su ne suka zauna a Gadarif, da ƙarin mutum shida da ƙarancin kuɗi, saboda haka ba za a ɗora laifin farko a kan halin matan biyu ba. A Madani karamcin yayan, wanda ya yi da zuciya ɗaya, shi ya hana a yi lissafi, rashin lissafin kuma ya mayar da ɗaya iyalin masu bin bashin da ba a faɗa, ɗayan kuma masu cin bashin da ba su da hanyar biya. Nasiha ta gaza domin ba ta sauya komai a madafi ba. Raba tukunya ya gaza domin ya raba abin da yara ke gani da idonsu, ya bar wurin kwana da ikon hukunci a cakuɗe. Tsohuwar ta yi akasin haka: ta haɗa cin yara, ta raba labule da akwati da sanda.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ba dabararta ce ta samar da su ba. Gidanta na da fili da dawa a ajiye, abin da gidan birni mai ɗaki uku ba shi da shi, kuma watannin damina sun nuna cewa da filin ya tafi rabin zaman lafiyar ya bi shi. Sannan a Gadarif facalolin biyu duk baƙi ne a ƙarƙashin wadda dukansu ke jin nauyinta. Da ɗayarsu ce ta kawo waɗannan dokoki a Madani, da wuya ɗayar ta karɓa. Littafin ma yana da nasa aibin, domin shi ya koya wa yaro mai shekara 12 cewa ƙimar mutum a gidan tana cikin abin da aka rubuta a gaban sunansa, kuma babu wanda ya yi tunanin buɗe wa zuwa makaranta layi a cikinsa.